Igiyar da Ta Dawo Ita Kaɗai

Har yanzu ƙullin masu nutso Baba yake yi wa igiyar shanya. Auta ta lura da shi ta taga da safen nan: zagaye biyu da lanƙwasa ɗaya, a kan igiyar da ba ta ɗauke da komai sai tawul da safa.

Zane ne aikin Auta. Kamfanin da take wa aiki yana buga labarin Sarkin Zurfi cikin hotuna, gwarzon da ke numfashi a ƙarƙashin teku. Edita ya ce masu karatu sun gaji da tsohon asalinsa, wai kifi ne ya raine shi.

"Ki yi masa uba, ki yi masa gida," in ji shi. "Ki sa mutane kuka. Ban da ni, ina da hawan jini."

Ba ta je nesa neman labari ba. Yayanta mai nutso ne, yana gyaran gindin jiragen ruwa, Baba kuma shi ke riƙe masa igiya daga sama. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja uku, fito da ni. Shekara shida ke nan, wata Talata da hantsi, igiyar ta dawo ita kaɗai. Ko gawa ba a gani ba. Tun ranar Baba ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙullinsa ne ya zame, ya daina dariya, ya daina bin hanyar bakin ruwa.

Mako uku ta yi tana zane. A shafi na tara saurayin labarin ya hango wani haske can ƙasa yana kiransa, ya sa hannunsa ya kwance igiyar, ya tafi ya zama gwarzo. Ita dai so take Baba ya gani, ya sauke kayan da ya ɗora wa kansa.

Bakinta ba ya iya irin wannan magana, don haka bayan abincin rana sai ta jera shafukan a kan tebur, ta koma gefe tana wasa da yatsunta.

Baba ya sa tabarau. "Wannan ƙaton hancin na waye?"

"Naka ne, Baba."

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Wannan ai tulu ne." Ya yi 'yar dariya, har murna ta kama ta. Ya juya shafi. "Ki cire masa safar hannun nan. Da fata ake riƙe igiya, in ba haka ba ba ka jin ja."

Ya kai shafi na tara. Ya daɗe a kai.

"Wa ya kwance?"

"Shi."

"Da hannunsa?"

"Eh, Baba. Ka ga ashe ba ƙullin ne ya..."

"Ina sama ina riƙe da shi? Ko ja ɗaya bai yi mini ba?"

Ta leƙa shafin. Ba ta zana ba. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba.

Baba ya cire tabarau, ya murza idanunsa. "Auta, shekara shida ina cewa hannuna ne ya kasa. Da wannan nake iya cin abinci. In dai ni na yi kuskure, to ɗana gida yake son dawowa."

"Zan goge, Baba. Yanzu ma zan goge."

Ya goga babban yatsansa a kan hannun saurayin. Babu abin da ya fita. Shekaranjiya ta bi fensirin da tawada, saboda ta tabbata ta yi daidai.

Ya tattara shafukan, ya daidaita gefensu da kyau, ya kife na taran a ƙasa. Ya ɗauki hularsa.

Ta taga ta gan shi yana ratsa tsakar gida. Da ya zo igiyar shanya sai ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashinta, bai taɓa ta ba. Ya ja ƙofar a hankali.