Kofi Mai Jan Zare

Malama Zulaihatu ta zaro takarda ta bakwai, ta gyara zaman tabarau. Ƙa'idarta ce a kulob ɗin karatu na makarantar 'yan mata da ke Boɗinga: kowa ta rubuta ra'ayinta ban da suna, ita kuma ta karanta a fili. Wai don a faɗi gaskiya ba tsoro.

Littafin wannan mako shi ne kashi na biyu na Baƙin Samaniya, labarin wasu halittu da suka sauko daga wata duniya cikin jirage masu kama da faifai, suka tarwatsa garuruwa. Takardu shida na farko duk yabo ne. Ta bakwai kuwa ta zo da nata.

"Na ɗaya ya yi daɗi," Malama ta karanta da ƙarfi, "don marubuciyar ta san gudu. Ta san takalmi na tsinkewa ba a tsayawa ɗauka. Amma na biyu ƙarya ne."

Ajin ya tuntsire da dariya. Malama ma ta murmusa, ta ce, "Ikon Allah! Yau mun samu alƙaliya."

"Wai da waɗanda suka tsira suka isa birni, dangi sun rungume su, ana ci kwano ɗaya. Ba haka ake yi ba. Kwana uku ake kuka da kai. Daga nan sai a share maka gefe a ɗakin albasa. In ka zo da tari, a ɗaura wa kofinka jan zare don kada ya haɗu da na 'yan gida. Tarin zai warke, amma..."

Nan Malama ta dakata da karatun. Da hannunta ta ɗaura zaren nan, wata takwas da suka wuce, ranar da aka kawo mata Safinatu, ɗiyar ƙanenta marigayi, bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu can bayan Shagari.

"Malama, ƙarasa mana!" in ji wata daga gaba.

Ba ta ƙarasa ba. Ɗiyarta Kausar ta sunkuyar da kai ƙasa. Can layin baya Safinatu na zaune, ta zuba wa allo ido, fuskarta ba fushi ba murna. Kunya ta rufe Zulaihatu. Abin da ya fi cin ta, rubutun yara talatin take ganewa da kallo ɗaya, amma ba ta san rubutun jininta ba sai da zare ya tona.

* * *

Da la'asar, a gida, Zulaihatu ta tura ƙofar ɗakin albasa. Warin ya buge ta har idonta ya kawo ruwa. Ashe rabonta da shiga nan tun girbi. Ga tabarma a matse tsakanin buhuna, ga littafin a kan matashi, ga kofin a bakin taga.

Safinatu ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Goggo."

"Mi ya hana ki faɗa min?"

"Ai littafi na yi wa magana, Goggo. Ke kika ce mu faɗi gaskiya."

Kai, da ma yarinyar ta yi tsiwa, da abin ya zo da sauƙi. Zulaihatu ta tuna ranar zaman makokin ƙanen nata, yadda ta dafa ƙirji gaban dangi ta ce Safinatu da Kausar duk ɗaya ne a wurinta. Har yaba mata aka yi.

"Naɗe tabarmarki. Daga yau ɗakin Kausar za ki kwana."

"To, Goggo."

Ta naɗe ba gardama, kamar wadda aka aika kasuwa. Zulaihatu ta ɗauki kofin, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta kai shi cikin sauran kofuna a kan randa. Ranta ya ɗan yi sanyi, ta ce a zuci an gyara.

* * *

Bayan magariba aka zauna cin tuwo a tsakar gida, su uku kwano ɗaya. Safinatu ta ci loma kaɗan daga gefenta, yaji ya sarƙe ta, ta miƙe ta nufi randa.

Zulaihatu na kallonta ta wutsiyar ido. Kofuna biyar ne, duk shuɗaye, duk iri ɗaya. Yarinyar ta ɗaga na farko ta ajiye, ta ɗaga na biyu ta ajiye. A na uku ta shafa hannun kofin da yatsa, ta ji ɗan shatin da zare ya bari. Shi ta ɗebi ruwa da shi ta sha, ta ɗauraye, ta ajiye shi can gefe shi kaɗai.