Ruwan Wankan Jikata

Aikina ban ruwa ne. Ruwan ƙazantar gari, na wanka da na wanki da na bayan gida, yana zuwa ta bututu ya kwanta a tafki ya lafa, mu kuma mu fesa shi a gindin itatuwa. Ƙasa ta tace, saiwa ta sha. Daji kore shar, amma warin, wayyo! Ko sau nawa na yi wanka sai ya biyo ni gida.

Warin nan ne ya raba ni da gidan 'yata Auta. Ran da na je, mijinta turare ya fesa wa kujerar da na tashi. Ni ba yaro ba ne, na gane. Ban sake zuwa ba. Auta ta haihu, yarinya har ta fara zama, ban taɓa ɗaukarta ba, kuma abin na cin raina.

Akwai 'yar bishiya a bakin shingen waya da nake ƙara wa ruwa da sunan jikata. Dogo, abokin aikina, ya yi ta min dariya.

"Tsoho, ruwan gari duka a cakuɗe yake fa."

"To ba shi ke nan ba? Ruwan wankan jikata na ciki."

Ran nan da hantsi ina fama da bututun da ya toshe, hannuwana dumu-dumu, sai na ji "Baba!" Auta ce a bayan shinge da yarinya a kafaɗa. Daga riga-kafi suke, tasi na jira a titi.

"Da kyar direban ya yarda ya tsaya. Zo ka karɓe ta."

Ruwa mai tsabta yana can ofis, ƙarshen daji. Kafin in je in dawo sun tafi.

"Da wannan hannun? Ina!"

"Baba, ba komai."

"Da komai. Juyo min da ita kawai."

Na mai da hannuwana baya na matso. Kunnuwanta fato-fato irin nawa, Allah sarki, duk dangi ta rasa wanda za ta ɗauko sai ni. Ta miƙo min hannu biyu tana dariya. Na damƙe nawa a baya. Direba ya danna hon, ya sake dannawa.

Motar na shan kwana sai ga Dogo a guje yana haki, da bokiti da sabulu. Na karɓa na wanke hannuwana tas har gwiwa, na tsaya a bakin shinge suna bushewa.