Ƙanshin da ke cikin hula

Shekara arba'in Baba mai dashe ya yi yana gadin gandun dajin nan, kuma layin itatuwan da ke bakin hanya shi ya dasa su da hannunsa. Bana aka ce wani baƙon ƙwaro, irin faɗa-wuta, ya shigo ƙasar a cikin katako, tsutsarsa kan cinye ganyen daji ƙarƙaf.

Ma'aikaciyar gandu ta kawo tarkuna na kwali masu danƙo a ciki, kowanne da ɗan guntun roba.

"Baba, ƙanshin macen ne a jikin robar nan. Namiji na jin sa daga nesa, ya zo ya maƙale. In muka kama ko ɗaya, layin bakin hanya za mu sare, don sauran dajin ya tsira."

Ya shinshina. Bai ji komai ba.

"'Yata, wannan ai ko warin roba ba ta yi."

"Ba don hancinka aka yi ta ba, Baba."

Ya rataye goma sha biyu. Roba ɗaya ta yi saura, ya soke ta a naɗin hularsa inda yake ajiye allura, ya manta. Mako uku tarkunan na nan fayau. Ma'aikaciyar ta ce gobe za ta kwashe su, ta rubuta cewa gandu lafiya lau. Ransa ya yi fari.

Da la'asar ya zaga ta bayan tulin katakon da wasu 'yan kasuwa suka sauke, inda ba a sa tarko ba. Sai ga wani ɗan ƙwaro mai fuka-fuki ruwan ƙasa yana rawa a gaban goshinsa. Sai biyu. Sai bakwai. Ya tsaya, suka tsaya. Ya taka, suka bi shi har tsakar gida.

Matarsa ta saki tsintsiya. "Ikon Allah! Malam, tun da na aure ka ban ga mai bin ka ba sai yau."

"Kuma duk maza ne," in ji shi a hankali.

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Suka sauka a kanta, gashin kansu kamar ƙaramin tsefe yana karkarwa. Abin da ba ido ya gani, ba hanci ya ji, shi ya kira su ta cikin daji duka! Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe.

"Jefa ta a murhu, wa ya sani?" in ji matar.

Ya dubi murhun. Ya tuna sauran dajin.

Da safe ya kifa kwano a kan hular da ƙwarin da ke kanta, ya ɗauka, ya bi ta layin bakin hanya yana dafa kowace bishiya. Ya tarar da ma'aikaciyar a ofis, ta ɗauki biro za ta rubuta rahoto.

"Dakata, 'yata," ya ce. "Rufe taga tukuna."