Doka ta Bakwai

Ni na rubuta Doka ta Bakwai da hannuna, a bayan kwalin magani, kuma ranar da na rubuta ta har dariyar mugunta na yi. Ga abin da ta ce: duk wanda ya buga ƙararrawa yana da sakan goma ya gama amsarsa. Sakan goma na cika, mai riƙe da agogo zai busa usur, a cire wa mutum maki biyar, ko da amsar tana kan leɓensa.

Gasar tamu ba ta gidan talabijin ba ce, kada wani ya zaci wani babban abu ne. Mu masoyan wani shirin rediyo ne da aka shekara goma sha ɗaya ana yi, labarin wani gidan haya mai ɗakuna tara da fitinannun mutanen da ke cikinsa. Da aka daina shirin muka rasa inda za mu sa kanmu, sai muka ƙirƙiro gasar kacici-kacici a kansa. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna aron ajin koyon kwamfuta da ke saman shagon maganin da nake aiki. Tebura huɗu, kowanne da ƙararrawar keke a ɗaure a gefensa. Malama, wata mai koyar da lissafi, ita ke karanta tambayoyi. Wani da muke kira Direba na ɗaukar bidiyo da wayarsa ya ɗora a intanet, mutum ɗari biyu su kalla, rabinsu danginmu. Ni ce sakatariya, ni ce kuma mai agogo da usur.

Mahaifina ne ya ɗaura ƙararrawar nan duka huɗu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran keke, rediyo a gefensa, babu kashi ɗaya na shirin da ya wuce shi. Sau uku yana cinye gasar. Kafin Malama ta rufe baki ya buga, ya jefa amsa, ya koma ya jingina yana murmushi.

Ba don shi na yi dokar ba. Na yi ta ne don Lauya. Ba lauya ba ne, magatakarda ne a wani kamfanin sufuri, surutunsa ne ya jawo masa sunan. Shi sai ya buga ƙararrawa tukuna sannan ya fara tunani. Ya yi ta zagaye, "wato idan muka duba, a wancan lokacin," har ya yi tuntuɓe da amsar a minti na biyu. Dokata ta gama da shi cikin wata uku. Ya daina shiga gasa, ya koma ya nemi shugabancin kwamiti, kuma muka ba shi don mu huta.

Sai Baba ya faɗi a shagonsa wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya tashi, alhamdulillahi, yana takawa da sanda, amma harshe ya yi nauyi. Kalma tana nan a kansa sarai, fitowarta ce aiki. Wata bakwai ya yi yana kallon bango, ko gaisuwa ba ya son amsawa. Ranar da ya fara haɗa jimla don kansa, ba ruwa ya nema ba, ba magani ba. Cewa ya yi, "Auta... sa... sunana... a gasa."

Saura mako shida zagayen kusa da na ƙarshe, inda wanda ya taɓa cinye gasa ke shiga kai tsaye. Mutum biyu za su wuce cikin huɗu, kuma wannan kujerar kaɗai ce abin da na ga Baba ya so tun da ya kwanta. Na kira taron kwamiti, na ce a ba shi sakan ashirin.

Lauya ya gyara zama, ya zaro takardar dokoki daga jakarsa. Har leda ya sa mata, don tsabar iyayi.

"Sakatariya, Doka ta Goma Sha Biyu. Ba a gyara doka a tsakiyar kakar gasa. Wa ya rubuta wannan?"

"Ni na rubuta. Ban ce a rushe doka ba, mutum ɗaya nake magana a kai."

"To gobe mai in'ina ya zo fa? Jibi mai ciwon haƙori? Ke kika ce mana doka ba ta san fuska ba. Ina zaune a nan kika faɗa, kina kallona."

Direba, wanda kullum yake son a rabu lafiya, ya ce, "Me zai hana a naɗa Baba uban ƙungiya? A sa masa kujera mai hannu a gaba, ya riƙa miƙa kyauta."

Na ce, "Kujera mai hannu? Akwai ta a gida, wata bakwai yana kanta. Ka taɓa zuwa ka ga abin da ta yi masa? Mutumin da ya ɗaura muku ƙararrawar da kuke bugawa kuke so ku mayar hoton bango?"

Malama ta ce in yi haƙuri a kaɗa ƙuri'a. Uku da ɗaya. Na tattara takarduna, na bugo ƙofa har sai da mai makarantar ya leƙo. Na sauko ina huci, na sayar wa wata mata maganin tari kamar zan jefe ta da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk kalmar da Lauya ya mare ni da ita, daga bakina ya ɗauko ta.

Ban gaya wa Baba na nemi alfarma ba. Muka fara gwaji a gida, kullum in na taso daga aiki. In ajiye masa cokali da kofi a madadin ƙararrawa, in yi tambaya, in danna agogo. Ranar farko ya yi sakan goma sha shida. Ya ɗago yana haki, gumi a goshinsa, ya ce, "Nawa?"

Na dubi agogon, na dubi fuskarsa. Na ce, "Sha ɗaya, Baba. Saura kaɗan."

Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi. Washegari na ce goma. Bayan mako guda na ce tara, kuma a taran nan na zauna. Shi kuwa da ya ji tara sai ya saki jiki, gwajin ya koma hira, ya ce in bar wahalar da kaina, ya gama shiri. Ni kuma na riga na yanke shawara: agogo a hannuna yake, usur a bakina. In ga wanda ya isa ya ƙirga mini.

Ranar gasar ajin ya cika, har da na tsaye. Da ƙyar muka hau da Baba, matakala goma sha tara, yana hutawa duk bayan uku. Aka ba shi tebur na biyu, ya juya ƙararrawar zuwa hannun hagu da kansa. Abokan karawarsa su ne wata nas, wani mai walda, da wata ɗaliba mai saurin baki kamar injin niƙa. Na zauna a mazaunina na kullum, ina fuskantarsu, bango a bayana. Lauya na gefena ya harɗe hannu.

Malama ta ce, "Wane ɗaki tela ya koma da rufinsa ya fara zuba?"

Ƙararrawar Baba ta riga ta kowa. "Na... huɗu." Sakan shida, na gaskiya. Ajin ya ɗauki tafi, ni kuwa na juya na yi wa Lauya kallon da ya san ma'anarsa.

Aka yi tambayoyi uku ɗaliba ta kwashe biyu. Sai Malama ta ce, "Me mai gidan ta ɓoye a cikin keken ɗinki, kuma wa ya gano?"

Baba ya buga. "Ta... takardar... gidan." Bakwai. Ya tsaya yana kokawa da sauran. Tara. Goma. Usur na tsakanin haƙorana, na cije shi. Sha ɗaya, sha biyu. "Jikar... ta." Sha uku.

Na ce, "Tara!" da ƙarfi, ina jiran wanda zai musa.

Babu wanda ya musa. Lauya ya saci kallon agogon hannunsa, ya kawar da kai. Ɗalibar ta buɗe baki, nas ta taɓa ta, ta rufe. Malama ta rubuta maki goma a allo ba tare da ta ɗago ba. Duk sun sani, kuma duk sun yi shiru. Maimakon in ji daɗi sai na ji wani sabon haushi ya taso mini: ashe za su iya kawar da kai, amma sai da suka sa na yi sata tukuna.

Tambaya ta gaba da Baba ya buga, sakan goma sha huɗu ya yi. Na sake cewa tara.

Malama ta ɗauko kati na gaba. Ba ta fara karantawa ba ƙararrawar tebur na biyu ta ɗau ƙara. Ta ce, "Baba, ban yi tambaya ba tukuna." Ya ci gaba da bugawa, yana bugawa, har ajin ya yi tsit. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna saman kaina.

Na waiga. Agogon bango ne na makarantar, babba, mai jan hannun sakan. Shekara biyu ina zama da shi a bayana, ban taɓa tuna cewa masu gasa shi suke kallo ba.

"Sha... huɗu," in ji Baba. "Na farko... sha uku."

Lauya ya yi gyaran murya. "Baba, a bar maganar. Ba wanda ya yi ƙorafi."

"Ni... na yi."

"Baba, don Allah," na ce, "agogon nan ba daidai yake ba, kowa ya san..."

Ya yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun ina 'yar firamare. Ya juya ga Malama. "Goge." Ta goge maki ashirin, ta tsaya. Ya ce, "Da... biyar... biyar." Ta cire goma. Daga na ɗaya ya koma na huɗu, a gaban mutum sittin da wayar Direba.

Sannan ya nuna agogon hannuna da usur, ya nuna Lauya. "Ba shi."

"Baba, shi fa ya hana..."

"Ba shi. Shi... ba ya... tausayina."

Na dangwara su a gaban Lauya har agogon ya yi tsalle. Zuciyata na tafasa, na rasa da wa zan fara: Lauya, ko kwamitin, ko tsohon nan mai taurin kai da na yi wa sata ya tona ni a bainar jama'a. Lauya ya goge usur ɗin da hankici, ya sa a baki. Wallahi fuskarsa ba ta mai murna ba ce, kuma wannan ma ya ba ni haushi, don na so in samu abin da zan tsane shi a kai.

Baba ya ci gajeru uku a jere, duk cikin lokaci. Ya wuce mai walda, ya matso kusa da nas. Tambayar ƙarshe mai maki goma ce, in ya ci ya wuce. Malama ta karanta a hankali: "Su wa suka kwana a tsakar gida ranar da aka kulle ƙofa da kwaɗo biyu?"

Ya buga. "Mai... wanki." Huɗu. "Ɗan... sanda... mai ritaya." Takwas. Duk ajin ya juya yana kallon jan hannun nan, har da ni. Baba ya ja numfashi, leɓensa na rawa. Tara. Usur ya tsaga ajin daidai kan goma.

"...da... tela," ya ƙarasa, cikin shirun. Amsar daidai ce. Malama ta cire maki biyar. Baba ya dubi Lauya ya gyaɗa masa kai sau ɗaya, ya laluba sandarsa.

Aka yi ta zuwa ana gaishe shi, ana cewa ya yi ƙoƙari. Na tsaya a bakin ƙofa na murtuke fuska, duk wanda ya tunkaro ni da kalmar haƙuri ya ga idona sai ya canza hanya. Da aka watse muka kama sauka. Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba, ya riƙe ƙarfen matakala. A hutu na biyu ya tsaya, bai dube ni ba.

"A gida... nawa... nake yi?"

Na so in ce tara, har ta zo bakina. Na ce, "Sha huɗu. Wani lokaci sha biyar."

"Tun... farko?"

"Ranar farko sha shida."

Ya shiga lissafi, ina ganin yatsun hagunsa suna motsi a kan ƙarfen.

"Mako... shida," ya ce. "Sakan... biyu... na rasa yau. Da kin... faɗa mini... da na... rage su."

Ba faɗa ya yi ba, da faɗa ne da na ji sauƙi, don ina da amsar faɗa a shirye tun sama. Ya sa sandarsa a matakala ta gaba, ya jawo ƙafar dama a hankali. Na biyo shi a baya, taku ɗaya tsakaninmu, hannuna a buɗe ko zai zame, kuma bai zame ba har ƙasa.