Tsuntsun da Ke Saman Hasumiya

Dogo maƙaryaci ne, kuma mahaifinsa ya yi wa ƙaryar. Ya ce ya tafi ƙasar waje neman aiki, alhali yana can ƙarshen gari, bayan tasha, yana sayar da tayoyin mota. Dalilinsa ɗaya: tsohon ya fara ciwon ƙafa, shi kuwa ba ya son jinya.

Kusa da shagonsa akwai mai hoto da ke da labulaye masu zanen manyan gine-ginen duniya. Sai Dogo ya sa kwat ya tsaya gaban labule, a ɗauke shi, ya tura wa ƙanwarsa Auta a waya. Ita kuma ta wanko ta kai wa Baba.

Baba tsohon tela ne. Ido ya yi rauni, an rufe keken ɗinki da zani, matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Ɗakinsa gado ne, da rediyo, da kujera ɗaya da ba mai zama a kai sai Auta, ranar da ta samu fitowa daga gidan mijinta. Ya manna hotunan a bango saitin filo. Duk ginin da ya gani bayan ɗansa sai ya nemi labarinsa, don in yaron ya kira su sami abin hira. Dogo bai cika kira ba, don haka Auta ke shan karatun.

"Kin ga wannan farin mai ƙubba? Taj Mahal. Sarki ne ya gina shi saboda matarsa da ta rasu. Mijinki ko kaza ya taɓa gina wa akurki?"

"Kai, Baba! Ka bar min mijina."

"Wannan kuma hasumiyar Pisa. Tun ana cikin gininta ta fara karkacewa, ƙasar wurin ce ba ta da ƙarfi. Amma ga ta nan, ba ta faɗi ba. Kamar ni."

Hoton hasumiyar ya fi so, saboda wani baƙin tsuntsu da ke sama da ita. In Auta ta tafi, ɗaki ya yi tsit, da tsuntsun yake magana. Yakan ce masa, "Kai ka fi ni sa'a, kana ganinsa."

Wata rana aka buƙaci sabon hoton Baba na katin asibiti. Asibitin na bayan tasha, sai Auta ta shigar da shi shagon mai hoto mafi kusa. Ana gyara farin ƙyalle, Baba ya hango labulen hasumiya a rataye a gefe. Ya dogara sanda ya matsa. Ga tsuntsun. Ya kai yatsa ya shafa, ya ji zare. Yagewa ce aka ɗinke da baƙin zare.

"Wa ya yi maka wannan ɗinkin banzan?"

Mai hoto ya yi dariya. "Ni ne, Baba, a yi haƙuri. Labulen ya sha aiki. Akwai wani dogo mai tayoyi nan baya, shi kaɗai ya zaga duniya a shagon nan. In kira maka shi ku gaisa?"

Auta ta dafe baki. Baba ya daɗe yatsansa na kan zaren.

"Bar shi," in ji shi. "Ɗauke ni mu tafi."

Bai cire hotunan daga bango ba, amma bai sake ba da labarin wani gini ba. Rediyon ma ya daina kunnawa. Auta ta ce za ta je ta jawo yayanta da wuyan riga, ya hana. Ya jira ko yaron zai zo da ƙafarsa. Bai zo ba. Sabon hoto ne ya zo, gaban dalar Masar.

Da jiki ya yi tsanani, Baba ya riƙe hannun Auta.

"In ta Allah ta kasance, kada ki wahalar da yayanki. Ya ce yana nesa. A bar shi a inda ya ce yake."

Da ya rasu, ta cika masa wasiyyar. Aka yi wa Baba wanka, aka sallace shi, aka binne shi, Dogo na can yana buga taya. A bakin mai hoto ya ji. Ya tarar da ɗakin a share, hotunansa a kan kujerar nan. Auta ba ta nuna masa kabarin ba, kuma har yau ba ta amsa gaisuwarsa.