An Kashe wa Mai Walda Jita

Ranar Alhamis Mai Walda ya dafa tsirkiyoyin jitarsa a tukunyar miyar matarsa.

Ba yau ya fara ba. Jitar bes ce, mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda muryarta ke fitowa daga ƙasa kamar gurnani. Idan gumi da dauɗar hannu suka cika tsirkiyoyin, muryar takan dushe. Masu hali su sayi sababbi. Shi kuwa sai ya kwance su, ya naɗe, ya tafasa a ruwa, ya shanya a kan ƙyalle su bushe ƙarau kafin ya mayar. In ba su bushe ba, tsatsa ce.

Matar ta tsaya a bakin kicin, hannu a ƙugu.

"Malam, yau kuma ƙarfe za mu ci?"

"Zan wanke miki."

"Haka ka ce wancan karon. Sai da yara suka tambaye ni ko a shagonka na yi girki."

Ya sa cokali yana tsamo tsirkiyoyin, ita kuwa idonta na kan yatsunsa. Gaɓoɓin sun kumbura. Ta gani, ta ɗauke tukunyarta.

Duk mako walda yake yi, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Ranar Asabar ce ta kiɗa. Su huɗu ne, kuma babu wanda kiɗa ne sana'arsa. Direba, abokinsa tun suna da baƙin gashi, shi ke kan ganguna. Tela ke waƙa. Sai ɗan ƙanwar Mai Walda mai buga fiyano, wanda shi Mai Walda ya fara ɗora wa hannu a kan kayan kiɗa, yanzu kuma shi ne shugaba, don a wayarsa masu biki ke kira.

A bikin da ya wuce an yi abin kunya. Ana tsakiyar waƙa mai sauri hannun Mai Walda na hagu ya ƙi bin umarni. Ya makara, ya sake makara, har masu rawa suka waiwayo. Ba wanda ya ce masa komai a mota. Da ma sun yi magana da ya fi masa sauƙi.

Ranar Juma'a ɗan ƙanwar ya zo shago, ya tsallake guntayen ƙarfe, ya rusuna ya gaishe shi.

"Kawu, gobe ka bar amfilifayarka a gida."

Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Me ta yi maka?"

"Ba komai. Zauren na da nasu kayan sauti, manya. Kai tsaye za a haɗa ka da miksa, a ba ka abin kunne ka riƙa jin kanka. Haka kowa ke yi yanzu. Ga nauyi kuma, Kawu. Bayanka."

"Bayana ya kawo maka ƙara?"

Yaron ya yi dariya, amma bai dube shi ba.

Da safiyar Asabar Mai Walda ya shirya jakarsa yadda ya saba. Wayar haɗi biyu, don ɗaya kan mutu ba sallama. Batir sabo. Salatif, filaya, tsohuwar tsirkiya ta ko-ta-kwana, da ƙyallen goge hannu. Da motar Direba ta tsaya a ƙofar gida, ya rungumo amfilifayar ma, akwatin da ke ƙara wa jita murya, ya tura ta ƙarƙashin kujerar baya.

"An ce ka bar ta," in ji Direba.

"An ce kada in shiga da ita. Ba a ce kada ta sha iska ba."

Zauren babba ne, da fankoki a sama da teburori masu fararen ƙyallaye. Biki ne na yamma, rana na shigowa ta tagogi. Dandamalin katako ne, Mai Walda ya taka shi ya ji daɗi. Mai miksa, ma'aikacin zauren da ke daidaita sautin lasifikoki, ya miƙo masa waya da abin kunne. Ya karɓi wayar, ya fara zura ta ta cikin maratayin jitar kafin ya soka ta a raminta. Wanda bai yi haka ba, ranar da ya taka wayarsa zai gane kurensa a gaban jama'a. Ya tsaya inda yake tsayawa kullum, gefen Direba, inda zai riƙa ganin ƙafar da ke taka babbar ganga. Sannan ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe.

"To, an fara," in ji Direba yana toshe hanci. "Jama'a suna cin abinci, kai kana fito da makamai."

"Ƙafata ta fi bakinka tsabta."

Ba ado ne ya sa yake tuɓe takalmi ba. Injin yankan ƙarfe ya cinye masa rabin ji tun da daɗewa. Abin da kunne ya rasa, tafin ƙafa ke kamo masa. Kowace tsirkiya ya taɓa, yana jin ta a katako, ta hau ƙwaurinsa. Da haka yake sanin yana daidai.

Suka fara da waƙa mai sanyi. A kunne muryar jitarsa tana fita tas, dafaffun tsirkiyoyi na ƙara kamar sababbi. Katako ma na amsawa. Sai dai wani abu bai kwanta masa ba. Muryar da ke ƙasa ta cika santsi. Tasa tana da ɗan kaushi, don yatsun mai walda ba na jariri ba ne.

Aka shiga mai sauri, wadda ta kayar da shi wancan karon. Amarya da ƙawayenta suka cika fili. Ya dage, ya cije leɓe. Da aka zo hawan nan mai wuya, inda yatsu ke gudu a kan wuyan jita, ɗan yatsansa ya sage. Ya makara. Kunnensa ya ji kuskuren ƙarara.

Ƙafarsa ba ta ji ba.

A katako hawan ya wuce sumul, ba tuntuɓe. Ba wanda ya waiwayo.

Mai Walda ya ɗauke hannunsa na dama daga tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya sake shi a gefensa. Kunnensa ya yi tsit. Katako bai fasa gurnani ba. Manyan lasifikokin zauren na ta zuba bes, shi kuwa ko taɓa jita bai yi ba.

Ya juya. Hannun hagu na ɗan ƙanwarsa na can ƙarshen fiyano yana aikin da ba nasa ba, yana buga bes ɗin. Ya dubi mai miksa, mutumin ya sunkuya yana gyara abin da bai lalace ba. Ya dubi Direba. Direba na kallon fanka kamar yau ya fara ganin fanka.

Wata mata cikin dangin ango ta matso da waya tana ɗaukar hotonsa. "Kai, Baba! Tsufa bai taɓa hannun nan ba! Allah ya ƙara lafiya!"

Ya tsaya ƙiƙam har waƙar ta ƙare, jita a wuya, hannu a sake. Ita matar ba ta ma lura ba.

Da aka ba su hutun cin abinci, bai kalli farantinsa ba. Ya sa takalmi, ya tsaya a kan Direba.

"Makulli."

"Zauna ka ci abinci mana."

"Makulli na ce."

Direba ya bi shi har wajen mota yana share gumi. "Ka saurare ni. Ba wulaƙanci ba ne. Yaron nan kuka ya kusa yi da ya kawo maganar. Tausayinka muka ji."

"Har da kai."

"Har da ni. To me za mu yi? Mu ce maka zauna a gida? Wa zai iya buɗe baki ya faɗa maka?"

"Kai. Aikinka ne." Ya jawo amfilifayar daga ƙarƙashin kujera. "Da ka ce mini hannunka ya mutu, da na zage ka, gobe mu sha shayi tare. Amma ku rataya mini jita, ku tsayar da ni kamar mutum-mutumin shagon Tela, mata na yi mini addu'a a kan aikin wani?"

Direba ya miƙa hannu zai kama masa. Ya ture hannun. Shi kaɗai ya ɗauke ta, ya ratsa tsakanin teburori yana nishi, bayansa na ihu, bai ajiye ba sai a kan dandamali. Ya zaunar da ita a kan katako daidai bayan ƙafafunsa. Ya cire abin kunnen ya ɗora a kan fiyano. Ya zare wayar mai miksa, ya ciro tasa daga jaka, ya zura ta cikin maratayi, ya soka. Ya liƙe sauran a ƙasa da salatif kada wani ya harɗe.

Ɗan ƙanwar ya taso da sauri, hannunsa da maiƙo.

"Kawu, don Allah. Don girman Allah."

"Hannunka na hagu ya gaji. Ka hutar da shi."

"Kawu, ka gane. In aka sake irin na wancan karon, ba mai ƙara kiranmu. Masu wancan bikin har waya suka yi mini. Ba ni kaɗai ba ne, akwai Tela, akwai Direba."

"Na san hannuna. Na fi ka saninsa, da shi nake kwana." Ya ɗaga yatsun a gaban fuskar yaron. "Hawan nan ba zan ƙara yin sa ba, ya fi ƙarfina. Inda ƙafar Direba ta sauka, nan zan sauka. Ɗaya ɗaya, ba ƙawa. Wa ya koya maka cewa bes yawan surutu ne? Ba ni ba."

"In ka yi kuskure fa?"

"Su ji. Nawa ne."

Yaron ya rage murya, don mutane sun fara kallo. "Kawu, ka tsaya da mu yadda muka tsara, kullum da kai za a je, ana ganinka, ana girmama ka. Amma in ka kunna wannan, Asabar mai zuwa mota ba za ta tsaya a ƙofarka ba. Ba maganata ba ce ni kaɗai. Mun gama magana."

Mai Walda ya dubi Tela. Tela na ta murɗa sandar makirfo. Ya dubi Direba, wanda ya riga ya koma kan kujerarsa. Direba ya ɗora ƙafa, ya taka babbar ganga sau ɗaya, dum, sannan ya ɗago ya dube shi ido cikin ido.

Asabar ba tare da kiɗa ba. Ya hango ta sarai: shago a rufe, shi a kan benci, jita a jingine a bango, tukunyar matarsa ta huta. Ya tuɓe takalmansa, ya tura su gefe da ƙafa.

Ya danna makunni. Jar fitila ta kama. Ya ja tsirkiya mafi kauri da yatsa ɗaya. Muryar ta fito da kaushinta, ta bi katako, ta hau ƙwaurinsa, cokulan teburin gaba suka yi rawa a kan faranti.

"Kawu," in ji yaron, "cire wayar nan."

"Ba zan cire ba."