Ƙuri'a Mai Tabon Baƙin Mai

Ƙarfe biyu da rabi aka rufe layi, ƙarfe uku malamin zaɓe ya juye akwatin a kan tebura biyu da aka haɗa a barandar makaranta. Bakanike na tsaye a gefe, katin wakilin ɗan takara rataye a wuyansa, hannayensa biyu cushe a aljihu kamar mai jin sanyi, alhali rana ake yi mai narkar da kwalta.

Surukinsa yake wakilta. Surukin nan, da duk unguwa ke kira Baba Kansila, shekararsa goma sha biyu a kujera, kuma in ka cire benen gidansa, ba abin da ya gina sai tumbi. Garejin Bakanike a filin Baba yake, haka ɗakuna biyun da yake zaune da matarsa da 'yan biyunsu. Ba takarda, ba shaida, sai "ai kai ɗa ne". Shi kuwa ɗan da aka haifa da baki, da baki ake korarsa, Bakanike ya san wannan sarai.

Amma da safen nan sai da zuciya ta ɗebe shi. Motar kamfen ɗin Baba ta mutu a hanya, aka taso shi ko karyawa bai yi ba, ya kwanta ƙarƙashinta awa guda, ko sannu bai samu ba. Daga nan aka tura shi layi, wai wakili shi ke fara jefawa. Da ya shiga bayan labule ya ga ba kowa sai shi da Allahnsa, sai ya tuno kwatar da ke malalowa garejinsa duk damina, ya tuno alkawarin gyaranta da ya girmi 'yan biyu. Ya danne takardar da hannun hagu, ya dangwala wa abokiyar takarar Baba, tsohuwar ungozomar asibitin unguwa. Wallahi tun da ya yi aure bai taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. Sai da takardar ta sulale cikin akwati ya kalli hannunsa, ya ga baƙin mai har wuyan hannu.

Malamin zaɓe mutum ne mai tabarau da son a san ya karanta littafin ƙa'ida. Ya fara ƙirga takardun a naɗe, ya gwada da yawan sunayen da aka tantance, suka yi daidai. Sannan ya shiga warware su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga sama, ya nuna wa wakilai, ya nuna wa jama'ar da ke bayan igiya, ya faɗi mai ita, ya ajiye a tarinta a danne da dutse. Tela, wakilin Ungozoma, sai ya kai hancinsa kan kowace takarda kamar mai neman inda ɗinki ya karkace. Baba Kansila kuwa yana hakimce a kujerar roba ƙarƙashin bishiya, ana yi masa fifita da hotonsa. Tun sati uku yake rantsuwa cewa a akwatin ƙofar gidansa ko kusa da shi ba za a zo ba, wanda duk ya ci amanarsa kuma zai gane shi ko a cikin tulu ya ɓuya.

Can wajen tsakiya malamin ya warware wata takarda, ya tsaya, ya gyara tabarau. An dangwala wa Ungozoma tsaf, amma a kusurwar hagu ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin, da wani farin layi da ya ratsa shi a karkace. Bakanike ya ƙara tura hannu cikin aljihu. Layin nan tabon da bel ɗin injin ya bar masa ne tun yana koyon aiki. Malamin ya ce wannan sai an duba, ya ajiye ta gefe ita kaɗai.

Aka gama, aka ƙirga kowane tari da baki ɗaya, jama'a na amsawa kamar 'yan aji ɗaya. Baba tamanin da bakwai, Ungozoma tamanin da shida. Tela ya ce a sake, aka sake, ba abin da ya canza. Saura ta gefe. In ta shiga, kunnen doki ke nan a ƙofar gidan mai rantsuwa.

Fifita ta tsaya. Baba ya aiko a gaya wa wakilinsa ya buɗe baki ya ce takardar ta lalace, ko an rataya masa katin ne don ado? Bakanike ya buɗe bakin, abin da ya fito ko shi bai ji ba. Malamin zaɓe dai ya samu abin da yake so, ya buɗe littafi, ya laso yatsa, ya karanta musu cewa datti kawai ba ya kashe ƙuri'a, sai in alamar za ta sa a gane wanda ya jefa ta. Ya ɗaga takardar sama ya ce, "Akwai wanda zai iya cewa ga mai wannan yatsan?"

Kowa ya sani, mutum nawa ne a unguwar ke yawo da baƙin mai? Amma mutanen Ungozoma ba za su faɗa ba don kada ƙuri'arsu ta mutu, mutanen Baba kuma ba wanda ke son ya zama shi ya tona surukin gidan. Sai kallon aljihun Bakanike ake ta wutsiyar ido, Tela har da yi masa murmushin 'yan'uwantaka, wanda ya fi zagi ciwo. Bakanike kuwa ya tsorata ƙwarai, yana ta lissafin inda zai kai motoci bakwai na mutane da yara biyu.

Sai ga matarsa ta ɗaga igiya ta shigo, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Malam, ni na san shi. Yatsan Baban 'yan biyu ne. Shekara tara ina wanke shi a jikin ƙofa da kofuna."

Malamin ya ce a fito da hannu. Aka fito da hannu, aka kara da takarda, layi ya hau layi. Ya rubuta "ta lalace" a bayanta da babban rubutu, ya jefa ta ambulan, ya shelanta sakamako. Magoya bayan Baba suka kaure da ihu, waɗansu har suna ɗaga Bakanike sama, wai dabara ce aka shirya tun da safe. Baba Kansila bai musa ba, don nasara ba ta son bincike. Ya matso ya dafa kafaɗar surukinsa, ya matse ta har ƙashi, ya ce a hankali, "Ka gode wa 'yata." Bakanike ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," ya sa hannu a takardar sakamako.

A hanyar gida yana gaba matarsa na baya har suka wuce kwatar. Baƙin ciki ya cika shi, ƙuri'a ɗaya tak da ya taɓa jefawa don kansa, ita ce matarsa ta kashe a bainar jama'a. Ya juyo ya tambaye ta abin da ya yi mata.

Ta ce duk wanda ke wurin ya riga ya gane shi, har Baba. Da an tashi kunnen doki, da kayansu a titi za su wuni gobe. Ta gyara mayafi, ta wuce shi.

"Ni ma Ungozoma na zaɓa, Baban 'yan biyu. Sai dai ni na wanke hannuna kafin in fito."